Waƙar Opera: Muryar da Ba Ta Jingina da Makirufo

Abin da ya fi ba mutanen gida mamaki idan na faɗa musu sana'ata ta waƙar opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa, shi ne babu makirufo. Mace ɗaya za ta tsaya a kan dandamali, makaɗa 60 ko fiye suna zaune a rami a gabanta, masu goge na yi, masu busa na yi, amma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji muryarta tar. Gidan opera na Metropolitan da ke New York yana ɗaukar mutum kusan 3,800, kuma can ma haka ake yi. Muryata soprano ce, wato wadda ta fi kowace hawa sama a muryoyin mata, kuma galibi ita ake ba wa jarumar wasa.

A ƙungiyar mawaƙan coci na fara a Jos, daga nan sai makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, inda na koyi karanta rubutun kiɗa. Amma a Italiya aka gina mini murya daga tushe. Malamata tsohuwar mawaƙiya ce, kuma ta daɗe ba ta bar ni na rera ko baiti ɗaya ba. Takan sa in kwanta a ƙasa, ta ɗora littafi mai nauyi a cikina, in ja iska har littafin ya ɗaga, kafaɗuna kuwa ko motsi kada su yi. Bayan haka ta kunna kyandir, ta riƙe shi dab da bakina, in ja sautin “a” mai tsawo ba tare da harshen wutar ya karkata ba. Idan ya karkata, iska nake zubarwa a banza, sai a sake. A nan na gane cewa ƙarfin murya daga haƙarƙari da ciki yake fitowa, ba daga matsa wa maƙogwaro ba. Jijiyoyin muryar mace ba su kai santimita 2 ba, amma idan soprano ta hau babban sautin C na sama, suna karkarwa fiye da sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya matsa musu da ƙarfin tsiya ba zai daɗe da su ba.

Hausa ta yi mini rana a wani wuri da ban zata ba. Italiyanci yana da baƙaƙe masu ninki kamar namu na “sannu” da “babba”, abin da ke wahalar da ɗalibai daga Ingila da Amurka, ni kuwa bakina ya riga ya saba. Jamusanci da Faransanci kam sai da na sha wuya.

Aiki a Jamus na same shi, domin ƙasar tana da gidajen opera kusan 80, da yawansu suna ɗaukar mawaƙa da albashin wata. Suna da tsarin da suke kira Fach, wanda ke rarraba muryoyi bisa nauyi da launi, kuma ana rubuta shi a kwantiragi. An sa ni cikin masu murya mai laushi, irin wadda ta dace da rawar Pamina a wasan da marubucin kiɗa Mozart ya rubuta a 1791.

Sai shugaban gidan wasan da nake aiki ya yi mini tayin fitowa a matsayin Aida, jarumar wasan da ke ɗauke da sunanta. Marubucin kiɗa Verdi ya rubuta wasan, aka fara nuna shi a Alƙahira a 1871, jarumar kuma gimbiya ce ’yar Habasha. Na san launin fatata ya gani, bai saurari muryata ba, domin Aida tana son murya mai kauri da za ta keta makaɗa da rundunar ’yan amshi gaba ɗaya. Kuɗin kuwa sun ninka abin da nake samu. Na kira malamata, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “’Yata, muryarki ba ta nuna ba tukuna. Idan kika tsinke ta ɗanya, ba za ta ƙara nuna ba.”

Tarihin sana'ar yana bayanta. A 1949 a Venice, shahararriyar mawaƙiya Maria Callas ta rera rawar Brünnhilde a wasan Wagner, ta kuma rera rawar Elvira a wasan Bellini cikin ’yan kwanaki, muryoyi biyu da suka yi hannun riga, ɗaya mai kauri, ɗaya mai laushi. Duniya ta jinjina mata, kuma har gobe ina sauraronta da hawaye, amma wasan opera na ƙarshe da ta yi a 1965 ne, tana da shekara 41. Mirella Freni, wadda ta shahara da tsantseni wajen zaɓen abin da za ta rera, sai a 2005 ta sauka daga dandamali tana da shekara 70. Leontyne Price, baƙar fata daga Mississippi da ta fara a Metropolitan a 1961, ta mallaki Aida ne saboda Allah ya ba ta irin wannan muryar, kuma da wasan Aida ta yi bankwana da opera a 1985.

Na ƙi tayin. Shugaban bai sabunta kwantiragina ba, na koma yawon gwajin murya daga gari zuwa gari a jirgin ƙasa, da gyale a wuya saboda sanyi, ina kwana a ɗakin haya mafi araha. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba zan ce wa wata yarinya wannan hanya mai sauƙi ce ba. Wani ƙaramin gida ne ya ɗauke ni daga baya, na ci gaba da rera Mozart, ina kame bakina daga hira ranar wasa, ina shan ruwan ɗumi, ina guje wa hayaƙi da ƙura. A ’yan shekarun nan tsakiyar muryata ta fara kauri da kanta, kuma malamata ta yarda in fara koyon rawar Mimì a wasan Puccini.