Sake gina muƙamuƙin yaro bayan an cire ƙari

Kumburin muƙamuƙi a yaro ba duka ake yanka ba. Dajin Burkitt, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, da magungunan daji ake yaƙarsa, ba da wuƙa ba. Shi ya sa sai an tsaga an ɗebi ɗan nama an gwada kafin a yi maganar tiyata. Wanda ya fi kai likita ga yanke ƙashi shi ne amelobilastoma, ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke gina haƙori. Ba ya yawan yaɗuwa a jiki, amma yana cin ƙashi a hankali ba tare da ciwo ba, kuma a asibitocinmu galibi sai ya yi girma ake kawo yaron. Idan ya cinye ƙashin, akan yanke shi haɗe da kimanin santimita 1 na lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe, don kada ya dawo.

Gurbin da ya rage ba a barin sa haka. Haɓa takan karkace, haƙora su daina haɗuwa, idan kuma gaban ne aka cire harshe na iya komawa baya ya toshe numfashi.

Idan gurbin bai wuce kimanin santimita 6 ba, kuma ba za a ƙona wurin da hasken kashe ƙwayoyin daji ba, ƙashin ƙugu ko na haƙarƙari yakan wadatar. Babban gurbi kuwa yana son ƙashi mai jininsa, kuma a nan siririn ƙashin ƙauri na gefen waje ya fi kowanne. Likitan tiyata David Hidalgo ne ya yaɗa amfani da shi a muƙamuƙi a 1989. Ana ciro shi da jijiyoyin jininsa, wani lokaci har da ɗan fata don rufe cikin baki, a yanka shi gida biyu ko uku a lanƙwasa ya yi siffar haɓa, a ɗaure da farantin titaniyam da kusoshi. Sannan a ɗinke jijiyoyinsa da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Jijiyar yaro ba ta wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma tana saurin tsukewa.

Kwana uku na farko su ne masu hatsari. Kowace awa ana duba fatar da aka dasa. Idan ta yi fari ta yi sanyi, aka soke ta da allura jini bai fito ba, jijiyar da ke kawo jini ce ta toshe. Idan ta kumbura ta yi duhu, jinin ya fito baƙi-baƙi da sauri, ta mayarwa ce, kuma ita ta fi yawan toshewa. Duk wanda ya faru, ɗakin tiyata ake komawa nan take. Jinkirin 'yan awoyi na kashe dashen. Don haka kada a ɗaure wuyan da igiyar bututun numfashi tamau, kada a bar kan ya lanƙwashe, don kada a matse jijiyoyin da aka ɗinke. Abinci ta bututun hanci ake ba shi na mako ɗaya zuwa biyu, har ɗinkin baki ya kama.

Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne, fuskar yaro ba ta gama girma ba. Muƙamuƙi yana ƙara tsawo ne musamman daga kan ƙashin da ke gaban kunne, don haka likita yakan yi iya ƙoƙarinsa ya bar wannan kan. Idan dole ya tafi, akan maye shi da haƙarƙari mai guringuntsi, amma girmansa ba shi da tabbas: wani ya tsaya, wani ya zarce har ya tura haɓa gefe. Kusoshi na iya huda haƙoran da ba su tsiro ba, shi kuma farantin sau da yawa akan cire shi bayan ƙashin ya haɗe.

Ƙafar ma ba a manta ta. Ana barin ƙashi sama da ƙasa don kare jijiyar ɗaga ƙafa da idon sawu, duk da haka a ƙananan yara idon sawun na iya karkacewa waje yayin girma, shi ya sa wasu likitocin ke haɗe ragowar da babban ƙashin ƙauri. Haƙoran dashe kuwa galibi sai girma ya tsaya, wajen shekara 16 zuwa 18. Kafin nan na cirewa ake sa masa, ana sauya su yana girma, ana kuma ɗaukar hoton muƙamuƙin a kai a kai, domin amelobilastoma na iya dawowa ko bayan shekara 10.