Yankan Wuƙa a Sana'ar Fawa da Tukuba: Inda Yake Fitowa da Yadda Muke Kauce Masa

In ka duba hannun mahauta a kowace kwata, za ka tarar yawancin tabon yana hannun hagu: babban yatsa, ɗan ali, da tsokar da ke tsakaninsu. Dama ce ke tura wuƙa, hagu kuma tana riƙe da nama a daidai hanyar da wuƙar za ta bi in ta zame. Shi ya sa a shagonmu na nama da tsire, tambayar da ake fara cusa wa sabon yaro ita ce: in wuƙar nan ta kuɓuce, ina za ta tsaya? In amsar jikinsa ce ko jikin na kusa da shi, to ya gyara tsayuwa kafin ya danna.

Mutane da yawa suna ɗauka wuƙa mai kaifi ce ta fi haɗari. A bakin aiki, wadda ta dakushe ita ke jawo rauni. Ba ta shiga nama sai da ƙarfi, in ta ci karo da jijiya ko tantani sai ta cije, kai kuma ka ƙara dannawa. Da jijiyar ta tsinke, wuƙar za ta wuce da duk ƙarfin da ka ɗora mata, kuma ba mai iya tsayar da hannunsa a wannan lokacin. Rauninta ma ya fi wuyar warkewa, domin yaga fata take yi.

Washi kansa yana da ƙa'ida. A jiƙa dutse, a ɗora shi kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya riƙa gudu. A kwantar da wuƙa a ɗaga bayanta kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 20. A barho mai faɗin yatsa 3, tazarar bayansa da dutse ba ta wuce kaurin ƙaramin yatsa ba. Yatsun hagu su zauna a kan ruwan wuƙar, nesa da baki, kuma a yi wa ɓangarorin biyu adadi ɗaya. Ƙarfen da muke goga wuƙa a kai lokacin aiki ba ya fitar da sabon kaifi, bakin da ya lanƙwashe yake miƙarwa, don haka a riƙa gogawa a kai a kai, a hankali. Ɗan koyo ya kafa tsinin ƙarfen a kan gungume ya goga zuwa ƙasa, ya bar wa manya gogar nan ta sama da ake yi da sauri. Kada a gwada kaifi da babban yatsa. Takarda ko tumatir sun isa. Masu kai wuƙa wurin injin washi su lura, in bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, ƙarfen ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Wuƙar da washi ya cinye har ta zama siririya, a yi ritayarta. Tana karyewa a cikin gaɓa, kuma tana nutsewa cikin jiki fiye da kowace.

Abin da aka fi rainawa shi ne ƙota, alhali daga nan ne raunin da ke nakasa hannu yake zuwa. Kitse da jini suna sa ƙota santsi. Ka soka wuƙa, tsininta ya daki ƙashi ya tsaya cak, hannunka kuma ya zarce ya hau kan kaifin. Yankan yana faɗawa cikin yatsu, galibi ƙaramin yatsa da na kusa da shi, daidai inda jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsa suke kwance ƙarƙashin fata. A ido raunin ƙarami ne, amma in jijiyar ta tsinke yatsan ba zai ƙara dunƙulewa ba sai likita ya ɗinke ta. Saboda haka duk wuƙar da za a soka, ƙotarta ta kasance da ɗan tudu mai tare yatsa. Ƙotar da ta tsage ko take girgiɗi a sake ta gaba ɗaya. Ɗaure ta da roba ko tsumma ɓoye matsalar ne kawai, ga datti da ke taruwa a ciki. Kowa ya rataya busasshen tsumma a ƙugu, ya goge hannu da ƙota da zarar ya ji maiƙo, a kuma ajiye ruwan zafi da sabulu kusa.

Wajen yanka dabba, a ɗaure ta sosai, a kuma jira ta gama shure-shure kafin a sa wuƙar fiɗa. Shuri ɗaya na sa ya isa ya mayar da wuƙa cikin cinyar mai riƙe da ita. A rago da akuya, wuƙa ta buɗe fata kawai, sauran aikin na dunƙulallen hannu ne da ake turawa tsakanin fata da nama. Hannu ya tsira, fatar ma ta fita ba huji, ta yi daraja wurin masu saye. In mutum biyu ne a kan sa ɗaya, kowa ya tsaya ɓangarensa, kada wuƙaƙe biyu su fuskanci juna, kuma mai riƙe ƙafa ya riƙe ta sama da inda ake yanka.

Cire nama daga ƙashi shi ne aikin da na fi jin tsoro a kan yara. A nan ne ake juya wuƙa, tsini ƙasa, a ja ta zuwa jiki, musamman in cinya tana rataye. In ta zame, ciki ko matsematsi take nufa, kuma a matsematsi akwai babbar jijiyar jini da ke sauka ƙafa, wadda in ta yanke mutum na iya rasuwa cikin 'yan mintoci. Mai wannan aikin ya tsaya gefe, yadda layin wuƙar zai wuce ta gefen ƙugunsa, ya riƙa ja da gajerun yanka, bakin wuƙa na bin ƙashi. Ya riƙe naman da ƙugiya maimakon yatsu. Akwai safar hannu da rigar gaba na sarƙar ƙarfe da manyan mayankar zamani ke amfani da su. Suna da tsada, amma ko safa ɗaya ta hagu aka saya wa mai cire ƙashi, kuɗin bai kai na aikin jijiya a asibiti ba. Safar zare mai hana yanka tana tare kaifi in ya goga, sai dai ba ta tare tsini.

Ƙashi na gatari ne ko adda, a kan gungume mai nauyi da ba ya rawa. Hagu ta riƙe can ƙarshe. In yankin ya yi gajarta, kamar bindi ko ƙafa, a sa ƙugiya ko a janye hannu gaba ɗaya. Tsagin ƙashi ma yana yanka. Naman da ya daskare a firiza kuwa, kada a soka tsinin wuƙa don raba shi, domin wuƙar zamewa take a kan ƙanƙara ta shige tafin hannu. A fitar da shi da wuri ya saki.

A tukuba, abin mamaki, albasa ta fi nama yanka mutane. Yaro na riƙe da ita a tafin hannu yana yankawa a sama, da dare, fitila ba ƙarfi, ga mai saye yana gaggauta shi. A raba albasar biyu, a kifa ta kan katako, a lanƙwasa yatsu ciki kamar dagin kyanwa, babban yatsa a baya, gefen wuƙa na jingina da gaɓoɓin yatsu. In katakon na zamewa a kan tire, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashinsa. Mai fere naman kilishi fale-fale, shi wuƙarsa kusa da hannu take tafiya dole, don haka a zaune zai yi, cikin haske, da wuƙar da ta fi kowace kaifi a shagon, kuma ba a yi masa hira.

Wani kaso mai yawa na yanka yana faruwa ne lokacin da ba a yanka komai. Wuƙa ƙarƙashin tulin nama, wuƙa cikin bokitin ruwan kumfa da wani zai tsoma hannu, wuƙa a bakin tebur, wuƙa a aljihu ba kube. Kowace wuƙa ta samu mazauninta, a wanke ta ita kaɗai, kaifi na kallon waje. In za ka ba wani, ajiye masa a tebur ya ɗauka. In ta faɗi, ja da baya ka bar ta, kada ka cafe. Shi ya sa ba ma yarda da silifas a wurin aiki, sai takalmi rufaffe. Ba a nuni da wuƙa wajen ciniki, ba a amsa waya da ita a hannu. Gajiya ma tana da nata rabon, musamman ranakun Babbar Sallah da ake wuni ana fiɗa. A riƙa karɓar juna. Wanda ya sha ƙwaya don ya jure aiki kuwa, kada maigida ya bari ya taɓa wuƙa.

In an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In jini ya jiƙa tsumman, a ɗora wani a kai. Da ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta sosai, a cire zobe kafin yatsa ya kumbura, a rufe da filasta ko bandeji. Kada a zuba toka, ƙasa, fetur, baƙin mai ko man birki. Ƙona naman suke, su cusa ƙwayoyin cuta. A tafi asibiti nan take in jini na tsartuwa ko ya ƙi tsayawa, in raunin ya buɗe baki, in yatsa ya ƙi lanƙwashewa, ko wani ɓangarensa ya mutu ba a jin taɓi. Ɗinki ya fi kamawa in an je cikin awa 6 zuwa 8. In yatsa ya guntule, a naɗe guntun a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ƙanƙarar ta taɓa shi kai tsaye.

Wuƙar mahauci tana taɓa tumbi, hanji da kashin dabba, don haka rauninmu mai datti ne ko da ƙarami ne. Allurar rigakafin sarƙe haƙora, wato tetanus, ana sabunta ta duk shekara 10, amma in rauni mai datti ne kuma an haura shekara 5 da yin ta ƙarshe, a sake. Kumburi, zogi mai ƙaruwa, mugunya, jan layi da ke hawa hannu ko zazzaɓi bayan kwana 1 ko 2 alamar ciwon ya kamu da ƙwayoyin cuta ne, na asibiti ne, ba na kemis ba.

Yara kan ɓoye yanka don tsoron kada a sallame su ranar su rasa kuɗin wuni, sai su ɗaure da leda su ci gaba da taɓa naman mutane. Maigida ne zai hana wannan: ya ajiye akwatin auduga, bandeji, filasta da safar roba a inda kowa ya sani, ya biya kuɗin magani, ya mayar da wanda ya ji rauni kan karɓar kuɗi ko hura wuta da cikakken ladansa har hannun ya rufe.