Godiya ga malaman da suka riƙe min yara lokacin da nake jinya a Kaduna

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, sakamakon WAEC ya fito, babbar yarinyata ta samu kiredit a darussa 8 cikin 9, har da Turanci da lissafi. Maigidana kuma, wanda da yawanku kuka yi ta yi wa addu'a tun cikin hunturu, an sallame shi daga asibiti, yana gida, yana takawa da sanda. Akwai mutanen da ba ni da abin biyansu, kuma ba na so alherin da suka yi min ya tsaya tsakanina da su kaɗai. Mafi yawansu malamai ne na makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo da yaranmu na Barikin Giginya suke zuwa tare da yaran unguwannin da ke kewaye. Ba zan kama sunan kowa ba, don na san ba za su so ba, amma kowa zai gane kansa.

Ga waɗanda labarin bai kai musu ba, a watan Disambar bara ne aka harbi baban yara, wanda soja ne, a ƙafa a bakin aiki, can gabashin jihar nan, wajejen Isa da Sabon Birni. An fara duba shi a nan Sakkwato, daga baya likitoci suka ce sai an kai shi asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, saboda ƙashin ya farfashe, ba aiki ɗaya za a yi masa ba. Danginmu duk suna Azare, mahaifiyarsa ta tsufa, dole ni na bi shi. Na bar yara uku a kwatas, babbar tana aji shida, saura 'yan watanni ta zauna jarrabawar fita. Wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Kaduna, ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa har Zariya, ya san ba hanyar da mace za ta riƙa kai da komo a kanta ba ce a wannan zamani, ko da kuɗin mota na hannunta.

Godiyata ta farko ga Hajiya shugabar makaranta. Kafin in tafi na je ofishinta in sanar da ita, ina magana ina kuka. Ban kai ƙarshe ba ta ɗaga min hannu, ta ce, “Tahi ki yi jinyar mijinki. Ɗiyakki ɗiyammu ta.” Nan take ta aika aka kira malamar ajinsu da malamin da ke kula da jarrabawa, ta maimaita musu bayanin a gabana, ta sa kowannensu ya ɗauki lambata, ta kuma tambayi lambar gidanmu da sunan maƙwabciyar da ta fi kusa da mu. Na sha jin ana cewa a kwantar da hankali za a kula, amma wannan Hajiya ta bibiyi maganarta har ranar da aka rubuta takarda ta ƙarshe. Allah Ya jiƙan mahaifanki, Ya shirya miki zuriyarki.

Sai Malam na ofishin jarrabawa. Aikin da ya yi ba ya ganuwa, kuma ba don shi ba da yau ba ni da sakamakon da zan nuna. Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su san zaman bariki ba. Ɗan soja ba ya fara makaranta ya gama ta a wuri ɗaya sai in ya yi sa'a. Duk ranar da sigina, wato umarnin canjin wurin aiki, ta fito, uban zai ɗaure kaya, ko tsakiyar zango ne ko ana gobe jarrabawa. Yarinyar nan a Shadawanka ta Bauchi ta yi firamare, ƙaramar sakandare da aji huɗu a Maiduguri muna zaune Maimalari, nan Sakkwato kuma ta shigo a tsakiyar aji biyar. Kowace ƙaura akwai abin da ake bari a baya. Wani lokaci darasin da wannan makaranta ta riga ta wuce waccan ba ta zo gare shi ba, wani lokaci takarda ce. WAEC kuwa tana neman makin gwajin aji na ɗalibi tun daga aji huɗu zuwa shida. Malam ya buɗe fayil ɗinta ya tarar babu na aji huɗu. Shi ya nemo lambar tsohuwar makarantar, ya yi ta kira da kuɗin katinsa, aka fara turo hoton takardar ta WhatsApp, sannan ya sa aka ba direban tasha ainihinta ya kawo.

Yana cikin haka ya lura ranar haihuwar da ke takardun makaranta ta saɓa da wadda ke NIN ɗinta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma bayanin da ke jikin NIN shi zai bi yaro har jami'a. Idan na WAEC ya zo daban, ranar tantancewa ake ganin tashin hankali. Ya kira ni ina zaune a barandar asibiti, ya ce, “Hajiya, wace rana ce ta gaskiya? Ki faɗa min wadda ke takardar haihuwa, sauran ki bar mana.” Kafin a tura sunayen ɗalibai an gyara komai ya zama ɗaya. Malam, Allah Ya daidaita maka lamarinka duniya da lahira.

Malamar ajinsu ita ce ta zame mata uwa. Bayan tafiyata yarinyar ta fara zuwa a makare, tana gyangyaɗi a aji, wadda da ita ce mai zama a gaba. Malama ba ta ɗauki bulala ba. Ta riƙe ta lokacin tara, ta tambaye ta ƙarfe nawa take kwanciya, ƙarfe nawa take tashi. Ashe tun asuba take hura gawayi ta dama wa ƙannenta koko, ta yi wa ƙaramin wanka ta raka shi firamare, da dare kuma ba ta iya barci sai ta ji muryar babanta, shi kuwa akwai daren da zafin ciwo ba ya barinsa magana. Duk wannan ba ta taɓa faɗa min ba, kullum sai ta ce, “Umma, lafiya lau muke.” Malama ta taso da ƙafarta bayan an tashi, ta shigo bariki, ta nemi Magajiya, shugabar matan bariki, suka zauna da maƙwabciyata suka raba aikin: abincin safe da na rana na ƙananan ya koma gidan maƙwabciya, raka yaro makaranta ya koma hannun wata da nata yaran ke hanya ɗaya. Sai bayan an gama shiryawa aka kira ni aka sanar da ni.

Wannan malama ta san yaran da take koyarwa. A aji irin nata, kusan kowane benci akwai wanda ubansa ke daji, a Zamfara ko Katsina ko Kebbi ko nan cikin Sakkwato, tunda duk yankin na Runduna ta 8 ne. Yau kuma labari ba ya jiran a zo a sanar da iyali cikin natsuwa, yaro zai iya cin karo da shi a Facebook a wayar abokinsa. Yarinyata ta ce duk ranar da aka tashi da jita-jitar an kai hari, Malama takan rufe littafi, ta sa kowa ya yi addu'a bisa addininsa, ta gargaɗe su kada wanda ya yaɗa hoto ko suna, kuma ba ta barin yaron da hankalinsa ya tashi ya koma gida shi kaɗai. Ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da sojojin da suka kwanta dama, an yi addu'a a taron safe, kuka ya ƙwace wa yarinyata a cikin layi, don lokacin ba mu san ko za a iya ceto ƙafar ba. Malama ta janye ta zuwa ɗakin malamai, ta zauna da ita har ta natsu, ta kira ni ta haɗa ta da babanta. Ba a rubuta wannan a takardar ɗaukar aikinta ba. Allah kaɗai zai biya ki, Malama.

Malamin lissafi, Kirista ne mutumin Filato, shi ke yi wa 'yan aji shida lesin bayan an tashi. Azumin bana ya faɗo a watan Maris, daidai lokacin da zafin Sakkwato ke ɗagowa, ma'auni yana neman digiri 40 ko ya haura. Da kansa ya mayar da lesin safiyar Asabar da yammacin Lahadi bayan ya dawo coci, don kada masu azumi su zauna da rana tsaka ƙarƙashin kwano. Na aika masa kuɗin lesin ta hannun maƙwabciyata, ya mayar, ya ce a saya wa mara lafiya lemo. Lissafi shi ne darasin da ƙaurace-ƙauracen nan suka fi yi wa illa a wajenta, ya koma da ita baya har ayyukan aji huɗu. Wani dare ta kira mu ta bidiyo, ta ɗaga littafinta kusa da kyamara, jan biro ya ba ta maki 17 cikin 20. Babanta na kwance da ƙarafa a ƙafa, ya ce in matso masa da wayar, ya karanta abin da Malam ya rubuta a ƙasan shafin sau biyu, ya kira majinyacin gadon kusa da shi ya nuna masa. Ranar ya ci abinci sosai.

Ina godiya ga malamin kimiyyar sinadarai da ya riƙa shiga da su ɗakin gwaji rukuni-rukuni har kowa ya riƙe kayan awo da hannunsa kafin ranar firatikal. Ina godiya ga malamin kwamfuta. JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, duk a kan kwamfuta, yaro ko ya san amsa in hannunsa bai saba ba lokaci zai ƙare masa. Ya raba su layi-layi, ana tayar da janareta da man da ƙungiyar iyaye da malamai ta saya, kowa ya samu zama ya gwada. Da 'yar bautar ƙasa da ta zo daga kudu maso gabas tana koya musu rubutun wasiƙa da insha'i, ta gama hidimarta ta tafi ban ko ga fuskarta ba. In wannan saƙo ya kai gare ki, na gode. Da Baba maigadi da ke tsayar da ƙaninta na aji biyu a bakin ƙofa har yayarsa ta fito daga lesin, da Inna mai awara da ta yi ta ba shi ba ta rubuta bashi ba, da na je biya ta ce in ji tsoron Allah.

A cikin bariki kuma, Magajiya da matan layinmu, limaminmu, abokan aikin maigida da suka ba da jini tun daren farko, da manyansa da suka tsaya har aka kai shi Kaduna, da likitoci da ma'aikatan jinya na can, Allah Ya saka wa kowa. Maƙwabciyata, Tibi ce 'yar Binuwai, ba ta azumi amma da asuba take tashi ta ƙwanƙwasa wa yarana ƙofa su yi sahur. 'Yar uwa, ba ni da bakin gode miki.

Ina yawan jin mutane na cewa makarantar gwamnati ta mutu, mai son ɗansa ya kai shi ta kuɗi. Ban ce babu matsala ba, kowa ya san cunkoson aji da ƙarancin kayan aiki a makarantun gwamnati, kuma albashin malami ba ya kai shi ƙarshen wata. Amma kofur ko saje mai yara huɗu ko biyar ba shi da wata makarantar sai wannan, kuma mutanen da ke cikinta na ga aikinsu da idona a lokacin da ba ni da abin ba su. Haka masu ɗaukar yaran bariki a matsayin marasa tarbiyya, ina roƙonsu su sassauta. Yaro ne da ya saba barin abokansa duk bayan 'yan shekaru, ubansa yana fita ba a san ranar dawowarsa ba, amma da safe ya sa yunifom ya zauna benci ɗaya da Bayarabe da Ibo da Babarbare da Basakkwace, su ci abinci kwano ɗaya. Masu hali na garin nan da tsofaffin ɗalibai, in kuna neman inda za ku yi sadaka mai gudana, ku leƙa makarantar nan ku tambayi shugabarta abin da suke buƙata.

Ni maigidana ya dawo da ransa. A cikin waɗanda suka zauna jarrabawa tare da yarinyata akwai waɗanda iyayensu maza ba su dawo ba, uwayensu sun yi takaba, wasu har sun bar bariki sun koma garuruwansu, malaman nan suka nema wa yaran wurin zama a gidajen abokan karatunsu har suka rubuta takardar ƙarshe. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya raya abin da suka bari. Waɗanda ke daji yanzu Allah Ya tsare su, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a Sakkwato da Arewa baki ɗaya.

'Yan uwana matan sojoji, duk ranar da sigina ta fito, kafin ku ɗaure tukwane ku je makaranta ku karɓi sakamakon kowane zango da takardar canjin makaranta mai hatimi, ku duba suna da ranar haihuwa su zo ɗaya da na NIN. Da kun sauka a sabon wuri ku je da ƙafarku ku gabatar da kanku ga malamin ajin yaro, ku sanar da shi in uban ya fita aiki.

Ita yarinyar 'yar fari ce, ba zan tsaya yabonta a bainar jama'a ba, Allah Ya yi mata albarka. Ta nemi karatun aikin jinya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna jiran sakamakon NECO da kuma abin da Allah zai zaɓa mata, a taya mu da addu'a. Littattafanta na tambayoyin shekarun baya da na karatu na aji huɗu zuwa shida mun kai ofishin malamar ajinsu, duk ɗalibin da zai shiga aji shida yake buƙata ya je ya karɓa. Maigida ya ce in an koma makaranta a watan Satumba da kansa zai je ya gai da malamai ɗaya bayan ɗaya. Masu tambayar lokacin da za su zo duba shi, ƙofa a buɗe take kullum bayan la'asar, ban da Alhamis da muke zuwa gashin ƙashi.