Aikin kilt a bayansa yake

Duk wanda ya shigo shagona a nan Gilasgo wurin yadi yake nufa kai tsaye, ya ɗaga wannan ya ajiye wancan, ni kuwa hankalina yana kan inda shi ba zai gani ba in ya sa kayan, wato bayansa. Ni tela ne, a Zariya na koyi ɗinki hannun kawuna, da na zo Sikotilan sai da na koma yaron shago a wurin wata dattijuwa kafin na buɗe nawa, yanzu mu uku ne kuma kilt kawai muke yi. Mutanen gida in sun ga hoto sai su ce siket, to kayan gargajiyar mazan Sikotilan ne, na biki da sarauta da soja, kuma 'yan ƙasar sun sha wuya a kansa don an taɓa hana sa shi da doka a 1746 sai 1782 aka janye, sojoji kawai aka ƙyale.

Cikakken kilt yadi 8 ne na ulu zalla. Gaba shimfiɗa biyu ce ɗaya kan ɗaya babu ninki, sauran yadin duk baya yake tafiya a ninke, ninki 25 zuwa 30 da ɗoriya, ya danganta da ƙugun mutum da girman zanen. Shi yadin tatan mai gida-gida ne, zanen yana maimaita kansa, kowane zagaye ɗaya sunansa set, mafi yawa wajen inci 6. To a nan maganar take, don kowane ninki ɗan siririn yanki ne kawai yake fitowa fili, bai kai inci ɗaya ba, sauran yana ɓoye a ciki, kai tela kai za ka zaɓi abin da zai fito.

Hanya ta farko ka ninke bisa set, ka riƙa matsawa kaɗan kaɗan a kowane ninki har zanen ya sake haɗuwa a baya sak yadda yake a gaba. Lissafi ne da alli da tef, in layi ɗaya ya kauce ido zai kama shi tun daga bakin ƙofa. Ta biyu ka ninke bisa ratsi, irin ta soja, ka zaɓi layi ɗaya ka sa shi a tsakiyar kowane ninki. Ni gaskiya wannan na fi so, don tana da rai. Ɗauki tatan ɗin Royal Stewart, jan nan da kowa ya sani a nan, in ka ninke shi a kan baƙin yankin sai bayan ya yi duhu mutum yana tsaye, da ya ɗaga ƙafa ninkin ya buɗe sai jan ya riƙa walƙiya daga ciki kamar garwashi, in kuma ka ninke shi a tsakiyar jan to bayan ja ne wur, ka ce ba yadi ɗaya ba ne.

Na ɗanɗana kuɗata a kan wannan. Wani ango ya ce min ta waya a yi masa ratsi, ban tsaya tambayar wanne ba na zaɓa masa fari, na ɗinke da hannu daga ƙugu zuwa kwankwaso, na yanke rarar yadin da ke ciki kamar yadda ake yi don kar ya yi tudu, na sa shafi. Ya zo ya duba madubi ya yi shiru, bayan ya yi masa haske da yawa. Wanda aka yanke ba ya komawa, sabon yadi na saya da kuɗina kuma na kwana biyu ban yi barcin kirki ba don biki ya matso. Tun daga ranar ba na sa almakashi sai na kama ninki biyar biyar da fil, kala uku, na fita da su waje hasken rana mutum ya gani da idonsa, in yana nesa hoto ta WhatsApp.

Siffar ninkin ma iri iri ce, yawanci ninkin wuƙa ake so, duk suna kwance gefe ɗaya. Akwai ninkin akwati mai faɗi, shi ne tsohon yayi kuma yadi 4 ya isa, ina ba wa masu jin zafi shawararsa.

Sai launi. Tatan ɗin zuri'a ɗaya masaƙa irin su Lochcarron da ke Selkirk suna fito da shi kala kala alhali ƙirgen zaren ɗaya ne. Wanda suke kira modan mai duhu ne, shuɗin kamar baƙi, koren ya ƙoshi. Enshent kuma mai haske, jan ya koma ruwan lemo, ana kwaikwayon rinin itatuwa na da, ko da yake sunan yana ruɗin kwastoma, ba wai ya fi tsufa ba ne. Sai wedad, kamar ya daɗe binne a ƙasa, kore ya zama ruwan ƙasa, shuɗi ya zama ruwan toka. Duk wanda ya san bambancin shuɗin da ya sha baba sau ɗaya da wanda ya sha sau goma a marina zai gane da wuri. Tatan ɗin Black Watch a modan yana ba ni wahalar ido da yamma, kore da shuɗi da baƙi su narke cikin juna, sai na kunna fitila biyu.

Yanzu haka a kan teburina akwai tatan ɗin Musulmin Sikotilan da aka fitar a 2012, shuɗi na tutar ƙasar, kore, fararen layi 5 na shika-shikan Musulunci, na ruwan zinare 6 na imani, da baƙin gida na Ka'aba. Mai shi ya ce a sauko masa da shi ya rufe gwiwa, ko da yake al'adar nan a tsakiyar gwiwa yake tsayawa. Kilt ba a yi masa kalmasa, bakin saƙar shi ne ƙasansa, daga sama ake rage tsawo, shi ya sa na auna shi sau biyu yana tsaye. Na kama masa ninki kala uku jiya, ya zaɓi ratsin zinaren, gobe in Allah ya kai mu zan fara ɗinki.