Mako na uku: na sayi kujerar hawa bishiya

'Yan'uwa masu koyon farauta, ga inda na kwana. A nan jihar Jojiya ta Amurka, farautar barewa mai farar wutsiya yawanci kwanton ɓauna ce daga saman bishiya. Ka hau, ka yi tsit, ita za ta zo ta same ka. Shi ya sa na fara neman kujerar da ke hawa da mutum.

Gida biyu ce: mazauni a sama, matakin ƙafa a ƙasa, kowanne da waya mai kauri da ke zagaye gindin bishiya, da haƙora masu cizon ɓawo. Ka ɗaga na sama, ka zauna, ka jawo na ƙasa da ƙafafunka, kamar tafiyar tsutsa.

Nauyi ne ya raba mini gardama. Ta baƙin ƙarfe ta fi araha, amma ta kai wajen kilo 13. Na ɗauki Summit Viper SD ta alminiyom, kilo 9, tana ɗaukar mutum mai kilo 136. Wanda zai goya ta cikin daji kafin asuba ya san darajar kilo huɗun nan. Sandar gabanta tana ba ni wurin ɗora bindiga. Masu kwari da baka wasu sun fi son marar sanda.

Bishiya kuma sai miƙaƙƙiya, marar reshe a ƙasa, mai kaurin inci 8 zuwa 20. Duk sanda nake zaɓe sai giginya ta faɗo mini a rai.

To, ga wautar da na tafka. Bishiya tana sirancewa in ana yin sama, don haka tun a ƙasa ake ɗaga bakin matakin kaɗan. Ni kuwa na daidaita shi ɗoɗar. Ina kai tsayin ƙafa goma ya sunkuya, gwiwoyina suka hau kaɗawa. Na sauko a hankali, na rage tsawon wayar, na sake.

Ɗamarar tsaro tana jikina, ɗaure da bishiya tun daga ƙasa, kuma igiyar da ke haɗa mazauni da mataki ba na wasa da ita: in matakin ya suɓuce babu ita, a sama za ka kwana. Bindiga kuwa, da igiya ake jawo ta sama, babu harsashi a cikinta.

Har yanzu ban wuce ƙafa goma sha biyu ba. Ranar Asabar zan gwada hawa cikin duhu da fitilar goshi, in Allah ya kai mu.