Wasiƙa daga Guangzhou, garin da kogi da iska suka kafa wa kasuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin. Sunan ba baƙo ba ne a wajenku, ko a jikin kwalin kaya kun gan shi. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Mutanenmu sukan sauka a filin jirgin Baiyun, su kama ɗaki a unguwar Xiaobei ko ta Sanyuanli, su yi mako biyu tsakanin kasuwa da wurin auna kaya, su koma gida ba su san garin da suka taka ba. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko.

Garin yana zaune ne a bakin Kogin Lu'ulu'u, inda koguna uku, na yamma da na arewa da na gabas, suke haɗuwa su gangara teku. Hong Kong tana ƙasa da shi, tafiyar kimanin kilomita 120. Ta arewa kuwa duwatsun Nanling ne suka tokare, suka raba lardin da tsakiyar ƙasar. Wanda dutse ya tsare wa baya, ruwa ya buɗe masa gaba, ina zai fuskanta in ba teku ba? Ruwan ma har cikin ɗaki yake bin mutum. A watan Maris bango kan yi gumi, tayil ya yi santsi, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba.

An kafa garin a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa, da sunan Panyu. Amma inda tarihin ya fi taɓa ni shi ne zamanin daular Tang, lokacin da jiragen Larabawa da Farisawa suke zuwa sayen alharini da tangaran. Jiragen nan da iska suke tafiya. Iskar damina daga kudu maso yamma ita take kawo su, kuma ba halin komawa sai ta hunturu ta juyo daga arewa maso gabas. Dole baƙo ya yi watanni yana jira. Daga jiran nan zango ya kafu, da alƙalinsa, da masallacinsa, wasu suka yi aure suka zauna.

Masallacin yana nan, sunansa Huaisheng. Hasumiyarsa mai tsawon mita 36 kewayayya ce, sumul, launin toka, ba zane ba ado. Ana kiranta Hasumiyar Haske, don an ce da ita jirage suke gane gaɓa. Ranar da na tsaya a gindinta na waiga ko'ina ban ga kogi ba, sai benaye da shaguna. Ƙasa ta cika, ruwan ya ja baya. Musulmin garin suna danganta ginin ga Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har akwai kabarin da suke cewa nasa ne. Littattafanmu na tarihi sun nuna a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, kuma ni a kan wannan nake. Duk da haka tsufan Musulunci a garin nan ba abin musu ba ne. Zaman bai rasa jini ba: wajen shekara ta 879 dakarun ɗan tawaye Huang Chao suka ci garin, suka hallaka baƙin 'yan kasuwa masu ɗimbin yawa.

Daga 1757 zuwa 1842 nan ce kaɗai tashar da sarkin Sin ya yarda Turawa su yi ciniki. Ganyen shayi suke so, Sinawa kuma azurfa suke karɓa. Da azurfar ta yi wa 'yan kasuwar Ingila nauyi, sai suka koma shigo da ofiyom, kayan maye daga Indiya. A 1839 wakilin sarki Lin Zexu ya ƙwace akwati sama da 20,000 ya lalata a Humen, wani gari a bakin kogin. Yaƙi ya biyo baya, Sin ta sha kashi, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta buɗe tashoshi biyar, ta miƙa wa Ingila tsibirin Hong Kong.

Baje kolin Canton (sunan da Turawa suke kiran garin nan) da kuke zuwa, tun 1957 ake yinsa, sau biyu a shekara. Ƙidayar 2020 ta sami mutum sama da miliyan 18 a birnin.

Roƙona ga mai shirin zuwa, Alhaji ne ko Hajiya, shi ne ya ware yini ɗaya daga cikin kwanakin sari. Ya shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya sauka a Ximenkou, daga nan da ƙafa zai isa masallacin ya yi azahar. Da la'asar sakaliya ya gangara tsibirin Shamian, inda Ingilishi da Faransawa suka bar gine-ginensu, ya zauna a bakin kogi ya kalli jiragen ruwa suna wucewa.

A gaida mutan gida.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Guangzhou