Dala 3,900 a kan filtar hayaƙi, ashe ciwon ba a nan yake ba

Har yau rasit ɗin yana cikin akwatin gaban motar, na kasa yar da shi. Dala 3,900, kuɗin sabuwar filtar DPF, wato mai kama kunkunniyar hayaƙin dizal, da aikin ɗaura ta. Duk ranar da na buɗe wurin don ɗauko takardar inshora sai mu haɗa ido, raina ya sake ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Motar a-kori-kura ce mai injin dizal, ƙirar 2015, irin manyan nan masu tayoyi huɗu a baya. Na saye ta a hannu tana da mil 128,000 don jan tirela, ina ɗauko motocin gwanjo daga nan Ohio ina kai su tashar jirgin ruwa ta Baltimore. Kafin in biya na saurari injin, na gwada giya, na kwanta na leƙa ƙasanta saboda tsatsar da gishirin titi ke jawowa lokacin ƙanƙara. Kayan da ke jere a jikin salansa kuwa ko kallonsu ban yi ba. Na san dai tun 2007 dokar hayaƙi ta Amurka ta sa aka fara saka wa waɗannan motoci filtar da ke kama kunkunniya, bayan an tsaurara ta a 2010 kuma aka shigo da ruwan DEF da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, amma a tunanina kaya ne da ke zaune wuri guda, ba su juyawa, to me zai lalace a cikinsu?

Wata biyu da sayen motar na lura ruwan lagireto yana raguwa. Ba da yawa ba. Duk bayan mako biyu ko uku sai in ga ya sauka ƙasa da layi, in ƙara kamar lita guda. Na duba ƙarƙashin mota, babu ko ɗigo. Na shafa robobin ruwa, a bushe suke. Sai na ce tunda ba ta zafi, ƙyale ta. Na sayi jarka na ajiye bayan kujera, ƙara ruwa ya zama mini kamar goge gilashi. Da safe idan na tayar da ita wani farin hayaƙi kan fito mai ɗan ƙamshi-ƙamshi kamar na alewa, na ce sanyi ne, ai kowace mota tana haka a hunturu. Wannan jarka ta bayan kujera ita ce ta ci mini kuɗin, ni kuwa a lokacin gani nake dabara na yi.

A mil 141,000 fitila ta kama a dasbod, mota ta rage ƙarfi ina tsakiyar hawan tsaunukan Pennsylvania da motoci uku a baya. Na lallaɓa na sauka daga babbar hanya. Garejin da na samu suka jona kwamfuta, suka ce filta ta toshe, sun gwada tilasta mata ƙona dattin ta ƙi. Sai sabuwa. Garantin da dokar tarayya ta wajabta a kan kayan hayaƙin mota mai nauyin tawa shekara 5 ne ko mil 50,000, na wuce duka biyun tun kafin motar ta zo hannuna. Masu kaya suna ta kira, jirgi ba ya jiran kowa. Na miƙa kati. Ba su tambaye ni ko motar tana shan ruwa ba, ni ma ban faɗa ba, don ban ga abin da ya haɗa lagireto da salansa ba. Tsohuwar filtar ma a wurinsu na baro ta, aka rage mini wani abu kaɗan a madadinta.

Da na dawo gida na ce wa uwargida na kashe kusan dala dubu huɗu a kan matata, ta dube ni ta ce, "Maigida, wace matar? Ni dai ban ga ko sisi ba." Tun daga ranar na koma cewa filta.

Wata bakwai aka yi lafiya, ko in ce na ɗauka lafiya ake. Mil 9,000 kacal, fitilar ta dawo. Wannan karon ban ruga gareji ba, na je wurin wani dattijo da ya riga mu shiga wannan sana'a, wanda duk muke kira Baba. Ya zagaya motar, ya buɗe ƙofar baya don ajiye jakarsa, idonsa ya sauka kan jarkar. Ya ɗaga ta ya girgiza.

"Yaro, wannan fa?"

Na ce, "Ta ƙarin ruwa ce, Baba. Tana ɗan sha."

"Tun yaushe?"

Da na ce an fi shekara, sai ya ajiye jarkar a hankali ya ce, "Ka bar jaki kana dukan taiki."

Ga abin da ke faruwa, wanda da na san shi da kuɗina suna aljihuna. Na'urar EGR tana mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin don a rage zafin ƙuna, saboda tsananin zafi ne ke haifar da iskar NOx mai guba. Kafin hayaƙin ya koma sai ya bi ta wani ɗan akwati da ruwan lagireto ke zagayawa ya sanyaya shi. Wuta a gefe guda, ruwa a ɗayan, shekara da shekaru, wata rana ƙarfen ya tsage. Idan ya tsage ruwan ba ƙasa yake zuba ba, cikin hayaƙin yake shiga, shi ya sa ban taɓa ganin ɗigo ba. Ita kuwa filta abu guda ta iya ƙonawa, wato kunkunniya, idan zafinta ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyos. Sinadaran da ke cikin ruwan lagireto ba su ƙonewa. Sukan daskare a cikin ƙananan ramukan filtar su zauna. Ashe duk litar da na ƙara, filtar nake ɗura wa ita da hannuna. Na kashe tsohuwar, na sayo sabuwa na ci gaba daga inda na tsaya.

Bakaniken da Baba ya tura ni wurinsa bai yi awa guda ba ya tabbatar. Ya ɗaura famfon gwaji a kan tankin ruwa ya matsa iska, allura ta dinga sauka. Ya kwance bututun EGR, cikinsa jiƙe, baƙin datti ya zama kamar kwalta. Gwajin nan dala 90 na biya. Dala casa'in! Sabon akwatin sanyaya hayaƙin da aikinsa, dala 1,600. Filtar kuwa Allah Ya rufa asiri ba ta tsage ba, aka cire ta aka kai wa masu wankewa, suka gasa ta a tanda suka hure ta da iska, dala 550. A nan ne na ƙara jin wani takaicin: bakaniken ya ce muddin cikin filta bai fashe ko ya narke ba, yawanci wanki ake fara gwadawa kafin a yi maganar sabuwa. Ta farkon da na bari a Pennsylvania ban ko ce a nuna mini cikinta ba.

Ba zan ce tsohuwar filtar yarinya ce ba. Ko injin lafiya lau yake, toka tana taruwa a filta daga bakin man da yake ɗan ƙonawa, ita ma ba ta ƙonewa, shi ya sa ake nace wa bakin mai mai ƙarancin toka irin CK-4. Filtar da ta yi mil 141,000 dama ta isa wanki. Amma wanki daban, dala 3,900 daban.

Sauran kayan sun ci nasu rabon, sai dai ba su yi mini ciwo haka ba, don su na san tsufa ne. Sansar NOx guda, wato na'urar da ke auna wannan iska a salansa, ta mutu a mil 163,000, dala 480. Biyu ne a motar, ina jiran ranar 'yar uwarta. Hitar tankin DEF ta ƙone a hunturun da ya wuce, dala 700. Ruwan DEF kashi 32.5 cikin ɗari yuriya ne, sauran tataccen ruwa, yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, don haka a jihohin sanyi hitar ba ta hutawa. Idan ta mutu mota ta fara ƙirga maka mil a dasbod, in ka yi kunnen ƙashi ta mayar da kai gudun mil 5 a awa. Wannan ban yi gardama da ita ba.

Tabbas an ba ni shawarar nan da ake ba kowa: cire kayan duka, a sauya wa kwamfutar mota lissafi, ka huta. A daren da fitila ta dawo karo na biyu sai da na yi tunanin. Amma dokar tsaftar iska ta tarayya ta haramta, ni kuma mai ratsa jihohi ne da lambar kasuwanci a jikin ƙofa, ga shi ranar sayar da motar dillalai da yawa ba za su karɓe ta ba. Kuma ko da na cire filtar, ruwan lagireton da ke shiga injin yana nan yana ɓarnarsa, ban dai ganin fitila.

Yanzu na sayi ƙaramar na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari, tana nuna mini a waya yawan kunkunniyar da ta taru da lokacin da filta ta fara ƙona ta. In na ga ta fara ba na kashe mota, ko na iso ƙofar gida sai in wuce in ƙara minti ashirin a babbar hanya. Na daina barin injin yana aiki a tsaye awa guda don ɗumama ciki. Da na duba tarihin da kwamfutar motar ta ajiye, kafin fitila ta biyu filtar tana ƙona datti duk bayan ƙasa da mil 100. Tun da aka gyara ta koma wajen mil 400. Motar ta daɗe tana faɗa mini, ba ni da kunnen ji ne kawai.

Jarkar tana gareji yanzu, ba ta ƙara shiga motar ba. A jikin tankin ruwa na ja layi da baƙar maka daidai inda ruwan ya tsaya ranar da aka gama gyara. Kullum da asuba kafin in tayar da injin nakan buɗe bonet in haska da fitilar waya. Mil 31,000 ke nan, ruwan yana kan layin.